Alkamar Cindo

Motar albasa ce ta sauke shi a Mile 12 kafin assalatu,
buhu guda, da sunana an rubuta da gawayi.
Mai Keke ya tsuga kuɗi zuwa Agege,
na biya ban taya ba.

Ina kwance bakinsa a tsakar gidan haya
Iya Morufu ta leƙo, da buta a hannu:
"Wannan hatsin naki ba a tsince shi ba ne?
Ga ja, ga fari, ga wani ƙasa-ƙasa."
Na ce haka yayana yake shuka ta,
ba uwa ɗaya ta haife su ba.

Iri goma sha wani abu ya tara a ƙwarya guda:
doguwa mai gemu, gajera mai taurin kai,
wadda ya roƙo a hannun wani tsoho a Auyo,
da wadda kakarmu ta bari a tulu ta tafi.
Shekarar da tsatsa ta cinye gonakin maƙwabta
ta shiga tasa, ta kwantar da wasu,
sauran suka tsaya ƙyam har ranar lauje.

Cindo ba ya feshi. An sha yi masa dariya.
Ya bar wa ciyawa gefen fadama,
nan fakara ke ƙwai, nan bushiya ke wuni.
Ya kafa doguwar sanda domin mujiya
ta zauna ta karɓi harajinta a wuyan ɓera.
In an ce tsuntsaye na yi masa ɓarna sai ya ce,
"Sun ci zangarniya goma, sun kwashe tsutsa dubu,
to wa ke bin wani bashi?"

Wasiu mai inji ya tambaya ko a fidda dusa.
Na ce bar mini ita, da rigarta nake so.
Wuta ta ɗauke, muka jira, ta dawo.
Garin ya zubo da ɗumi a tafina
yana ƙanshi kamar an soya gyaɗa a ɗaki na uku.

Alkubus na farko, gaskiya, da shi za a iya jifan kare.
Wannan gari ba fulawa ba ne, ba ya son gaggawa,
ruwa yake sha kamar raƙumin da ya kwana biyu a hanya.
Sai na koyi kwaɓawa bayan lisha,
in rufe, in bar wa zafin Legas aikinsa,
da safe ƙullu ya ɗaga faifai da kansa.

Daga nan funkasau ya soma amsa sunansa a miyar taushe.
Gurasa ta fito daga rabin duron da na mayar tanderu,
bayanta da tabon wuta, cikinta da laushi.
Na murza taliya, na shanya a igiyar wanki
ina gadin ta saboda hadari.
Tsakin kuma na ajiye wa alkaki,
ya kwana biyu yana tsami kafin ya ga zuma.

Barira, da aka yaye da burodin unguwar nan
mai laushi kamar auduga,
ta gutsira ta ce, "Umma, wannan sai an tauna."
Na ce haƙoran na mene ne?
Ta yi shiru. Can na ji ƙarar murfin kwano.
Iya Morufu ma yanzu ba ta tambaya,
faranti kawai take turo yaro da shi.

Jiya na ga wani abu a bakin kwata:
ƙwaya ɗaya ta faɗa tsagar siminti, ta tsiro,
kore siriri, tsawon ɗan yatsa.
Na san ba za ta yi kai ba, garin nan bai san sanyinta ba.
Duk da haka na kare ta da fasasshen bulo,
na kira Cindo na ce, wacce ce a cikinsu?
Ya yi dariya, layin yana yankewa:
"Mai taurin kan ce. Ki duba ko tsuntsu ya zo."